Alkawarin Wanka da Kitso

Mahaifiyata mai wankan gawa ce. Gara in faɗa tun daga farko, don in na tsaya lissafa sauran ayyukanta sai mu wuni. Ta sayar da dankalin Turawa a kasuwar Bukuru, ta share coci duk ran Asabar, ta kaɗa tulun waƙa a zumuntar matan coci har tafin hannunta ya yi kanta, ta yi ta jigilar kunu zuwa asibiti wajen mutanen da ko sunansu ba ta sani ba. Amma abin da unguwa ta san ta da shi ke nan: in mace ta rasu a ikilisiyarmu, kafin labari ya kai kunnen fasto an riga an aiko gidanmu.

Ba wanda ya naɗa ta. Ta ce da surukarta ta fara, kakarmu ta wajen uba, wadda ta yi jinya shekara da shekaru a ɗakinta har ta cika a hannunta. Ranar, matan da suka zo duk suka yi cirko-cirko a tsakar gida, kowace tana jiran wata ta fara shiga. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu, Musulma, irin waɗanda iyayensu suka zo tun zamanin haƙar kuza, ita ta tsaya a bayan labule tana gaya wa Mama yadda ake yi. A lulluɓe mamaciya da zane, hannu ne ke shiga ƙarƙashi, ido ba ya shiga. Mama ta riƙe wannan har tsufanta, ta kuma ƙara nata biyu a kai. Tana yi wa gawa magana kamar mai rai, sannan ba ta barinta sai ta yi mata kitso. In an tambaye ta dalili sai ta ce, "Mace ko biki ba ta zuwa da kai a tsefe, balle gaban Ubangijinta."

Kayan aikinta ba yawa. Wani farin daro ne mai shuɗin baki, a ciki akwai sabulun salo, da soso, da matajin katako, da tsinken tsaga, da ɗan gwangwanin man kaɗanya. A ƙarƙashin gadonta yake zama. Ni kuwa Allah ya zuba mini tsoro, ba kaɗan ba. Ko mushen kaza na gani a bola sai na canja hanya. In aka sa ni sharar ɗakin Mama, tsintsiyata ba ta kusantar ƙarƙashin gadon nan. In ta dawo daga wanka ta tuƙa tuwo, sai in ce cikina na ciwo. Takan dube ni ta girgiza kai ta ce, "Matsoraciya. Wadda ta riga ta tafi me za ta yi miki? Zo ki ci tun kafin yayanki ya share kwanon."

Kada wani ya ɗauka mace ce mai sanyin hali. Ina! Gajeriya ce, fuska a ɗaure, bakinta kuma ba ya jira. Ludayin miyarta ya san ƙeyar kowannenmu. Amma hannun nan da ke dukanmu shi ne ya riƙe Baba sa'ad da ɓarin jikinsa ya shanye, bayan ya gama ƙuruciyarsa yana tuƙa motar kuza. Ta juya shi, ta goge shi, ta ba shi abinci a baki shekaru masu yawa, kuma har ya rasu ko ƙurji bai fito masa a baya ba. Ban da mu 'ya'yanta, ban san adadin 'ya'yan mutane da suka tashi a gidanmu ba. Wata ta zo jinya ta zarce, wani uwarsa ta rasu Mama ta yi mata wanka ta dawo da shi goye. Mukan yi gunaguni cewa tabarma ta yi mana kaɗan. Amsarta ɗaya ce kullum: a matsa.

Ba ita kaɗai take zuwa wankan ba. Tana da ƙawa, wadda muke kira Goggo ko da yake ba abin da ya haɗa mu na jini. Goggo Birom ce, doguwa, mai sayar da gwate, faten tsaki da ganye, a bakin tasha, mai dariyar da ake ji daga layi na uku. Hausarta irin ta kasuwa ce, mace da namiji duk "kai" ne a wajenta, Mama ta yi gyara har ta gaji ta bari. Ita ce mai zuba ruwa, Mama na wankewa. Yadda suka jitu har yau yana ba ni mamaki, don kullum cikin musu suke, a kan gishirin miya, a kan wa ya ɓata waƙa ran Lahadi, a kan komai.

Ina budurwa suka yi alkawarin, a gabana aka yi. Sun dawo daga jana'izar wata 'yar zumunta da 'ya'yanta suka ajiye a mutuware, ɗakin ajiye gawa na asibiti, aka fito da ita an yaɓa mata hoda da jan-baki, an kifa mata hular gashi irin ta kanti. Suna zaune a tsakar gida suna rairayar acca, Goggo ta ce ita fa da aka buɗe akwati ta ɗauka gawar wasu aka kawo bisa kuskure. Ta yi dariya, sai kuma dariyar ta tsaya.

Ta ce wa Mama, "In na riga ka tafiya, kada ka bari su yi mini haka. Kai za ka yi mini wanka, ka yi mini shuku."

Mama ta ce, "In ni na riga ki fa? Ke da ko kalba ba ki iya ba?"

"Sai in ɗaura maka kallabi, wa zai leƙa?"

Mama ta jefe ta da ɓawon gyaɗa. Amma ta miƙa hannu, suka tafa, ta ce, "Na ɗauka." Daga ranar maganar ta zama abin tsokanarsu. In Goggo ta yi tari sai Mama ta ce ta dakata tukuna, sabulu ya yi tsada. Mu muna dariya, ba mu san cewa su ba wasa suke yi ba.

Shekaru suka tura. Mama ta haura tamanin, yanar ido ta rufe mata gani, sanyin ƙashi ya tanƙware mata yatsu har maɓallin riga sai an sa mata. Ikilisiya ta yi mata bikin godiya, aka ba ta turmin zane, aka ce ta huta haka nan. Da ma aikin ya ja baya, yanzu kowa mutuware yake kai nasa. Da ta zame a banɗaki ta bugu a ƙugu, yayana ya zo ya kwashe ta zuwa gidansa a Rayfield. Gida ne na gani na faɗa, ga fulawoyi, ga mai gadi. Mama ta ce unguwar ba a jin sallamar maƙwabci sai haushin karnuka. Cikin duk kayanta na Bukuru, daron nan kaɗai ta ce ba ta tafiya ba shi. Matar Yaya ta so a kai shi sito, Mama ta tura shi ƙarƙashin sabon gadonta da ƙafa.

Goggo ta rasu a tsakiyar damina, irin lokacin nan da ake kwana a wuni ana yayyafi, sanyi yana shiga ƙashi. Yaya ya ce a ɓoye wa Mama tukuna saboda hawan jininta. Ɓoyo a ina? Kafin mu gama shawara wata 'yar zumunta ta buga mata waya. Da na shiga ɗakin na same ta zaune a bakin gado, hannuwa a kan cinya. Ba ta yi kuka ba. Tambaya ɗaya ta yi: "Ina suka kai ta?"

Na ce mutuware. 'Ya'yan Goggo sun zama manyan mutane, suna Abuja da Legas, sun ɗaga jana'iza sai bayan makonni don kowa ya samu zuwa. Sun kuma ɗauki irin kamfanin nan masu shirya gawa, masu baƙaƙen kwat da farar safar hannu.

Mama ta ce, "To, a gaya musu akwai wanka da kitso a kaina."

Yaya ya durƙusa a gabanta ya yi ta lallashi. Ya ce, "Mama, zamani ya canja. Ke da ko tsayuwa ba kya iya daɗewa? Ga sanyin wurin, ga warin magani. Goggo da kanta ba za ta so ki wahala ba."

Ta ce, "Kai ka san abin da take so? Kana ina aka yi maganar?"

Ni ma bayan Yaya na bi. Ina tsoron kada ta faɗi a can, ina kuma sane cewa in za a kai ta, ni za a ce in kai. Mama ta sa na buga wa babbar 'yar Goggo waya na kara mata a kunne. Yarinyar, ina ce mata yarinya ko da yake ta yi jika, ta yi magana cikin ladabi. Ta ce an riga an gama shiri, Mama ta kwantar da hankalinta, an ware mata kujera a sahun gaba a coci.

Mama ta ce, "'Yata, ba kujera na yi wa uwarki alkawari ba." Ta miƙo mini wayar.

Makonnin nan Mama ta rame a tsaye. Abinci sai ta taɓa ta ture. Kullum na je sai ta tambaye ni saura kwana nawa. Ta daina roƙon kowa, mu kuma muka ɗauka ta haƙura. Ashe ba mu san uwarmu ba.

Ana gobe jana'iza na biya gidan Yaya da safe kafin in wuce makarantar da nake koyarwa. Na tarar da mai gadi yana zarya a bakin ƙofa, ya ce Mama ta ce masa za ta ɗan taka a waje ne, har yanzu ba ta dawo ba. Na juya mota na bi layin a hankali. Can kusa da babban titi na hango ta a ƙarƙashin wata bishiya. Ta ɗaura zanen zumunta, ta sa suwaita, sanda a hannu ɗaya, daro a hammata. Duk motar da ta ji ƙararta sai ta ɗaga sanda, don ba ta iya bambance keken haya da motar gida. Manyan motoci suna ta wuce ta suna watsa ruwa.

Na tsaya na fito ina faɗa. "Haba Mama! Haba! In mota ta kaɗe ki fa? Me za mu ce wa mutane?"

Ta juyo da fuskarta wajen muryata. Ruwa ya jiƙa mata kallabi. Ta ce, "Ko ki kai ni, ko ki matsa, kina kare mini hanya."

Na tsaya ina kallonta. Raina ya ɓaci, tausayi ya kama ni, sannan wani abu kamar alfahari ya taso mini, duk a lokaci guda. Na karɓi daron, na ji shi da nauyi. Da na ɗaga zanen da ta rufe shi, sai ga babban fulas ɗin shayin matar Yaya, cike da ruwan zafi. Ta ce, "Wadda ta sha sanyin Jos duk rayuwarta ba za a sallame ta da ruwan sanyi ba." Na buɗe mata ƙofa.

A mutuware muka samu wani ƙato mai takalmin roba, ya ce ba a shiga, oga ya hana, masu kamfani kaɗai ke da izini. Mama ba ta yi musu da shi ba. Ta nemi benci ta zauna da daronta a cinya, ta ce za ta jira. Ba a daɗe ba sai ga 'yar Goggo ta iso da kayan da za a sa wa uwarta, farar riga a cikin leda, da wani kwali na hular gashi da kayan kwalliya. Da ta ga Mama sai ta yi turus. Ta durƙusa ta gaishe ta, ta fara, "Mama, ai na ce..."

Mama ta laluba ta kama hannunta. Ta ce, "Tun kafin a haife ki nake tare da uwarki. Ba ta taɓa roƙona komai ba, ko gishiri. In ta rasa, sai ta yi dariya ta kwana haka. Abu ɗaya tak ta roƙe ni a duniya. In kin ce in koma, zan koma, ke ce 'yarta. Amma ki faɗa mini da bakinki."

'Yar Goggo ta dubi hannun Mama da ke riƙe da nata. Sai ta kifa kai a cinyar Mama, a kan daron, ta fashe da kuka. Da ta tashi, ta je ta yi magana da mai takalmin roba. Ya yi ta ƙunƙuni, daga baya ya ce mu yi sauri kafin masu kamfani su zo.

Niyyata in raka Mama bakin ƙofa in miƙa ta ga 'yar Goggo in dawo mota. Da na waiwaya, baiwar Allah ta koma can gefe ta rufe fuska da gyale. Mama kuwa ta riƙe damtsena gam, ba ta iya taku ba ni. Haka na tsinci kaina a ciki.

Wari ne ya fara dukana, mai yaji, har ido na ruwa. An kwantar da Goggo a kan wani dogon tebur na ƙarfe. Na kafe idona a bango. Mama ta saki hannuna, ta warware zanen da ta zo da shi, ta lulluɓe ta tun daga wuya har ƙafa, tana lalube. Sai na ji ta ce, da muryarta ta kullum, ta musu, "Ƙawa, na zo. Kin ga yaran nan sun so su hana ni."

Ta ce in sirka ruwan. Na sirka. Ta ce in zuba. Na zuba, rabi a kan soso rabi a ƙasa. Ta ce wa Goggo, "Ki yi haƙuri da ita, ba ta iya ba." Tana gogewa tana ba ta labari: wa ya zo gaisuwa, wa bai zo ba, yadda sabuwar mai kaɗa tulu ke gudu ta bar waƙa a baya. In za ta taɓa hannu sai ta ce, "Zan taɓa hannunki." In za ta koma ƙafa sai ta faɗa. Idon da ba ya gani bai hana ta komai ba, da ma aikin ba na ido ba ne. A karo na farko na ga abin da uwata ta yi shekaru tana yi a ɗakunan da nake gudu, kuma ban taɓa ganin an girmama mutum haka ba.

Sai aka zo kan kitso. Mama ta zagaya wajen kai, ta jingina sandarta, ta taje gashin. Ta ɗauki tsinke za ta tsaga, ya suɓuce ya faɗi. Na ɗauko mata. Ta tsaga layi ɗaya a karkace, ta kamo gashi za ta raba uku, yatsun suka ƙi lanƙwasuwa. Ta hura musu iska, ta murza su a zane, ta sake gwadawa. Gashin ya zame. Ta sake, ya sake zamewa.

Ta ɗora hannuwanta a kan goshin Goggo. Ta ce a hankali, "Ƙawa, hannu ya ƙi."

Ranar da Baba ya rasu ban ga hawayen Mama ba. Ranar nan na gani, suna bin tamojin fuskarta suna ɗiga a kan zanen. Ba ta dube ni ba, ba ta ce in taimaka ba. Ta san ni sarai, ba za ta roƙe ni abin da take ganin ya fi ƙarfina ba. Wannan ne ya fi yi mini ciwo.

Ban san lokacin da na ajiye fulas ba. Na ce, "Mama, matsa."

Na kai hannu. Ta riƙe wuyan hannuna ta ce, "Ba a taɓa mutum ba sallama. Yi mata magana."

Na ce, "Goggo, ni ce. Matsoraciyar nan. Zan taɓa kanki."

Fatar kan sanyi ƙalau, kamar randa da asuba. Na ji tsigar jikina ta tashi. Amma gashin gashin Goggo ne, fari fat, mai laushi, wanda na sha gani yana leƙowa ta ƙarƙashin kallabi tana zuba mana gwate. Na tsaga, na kama, na fara. Mama ta ɗora tafinta a bayan hannuna tana bin kowane layi, tana cewa nan ya yi, nan ki ƙara kamowa. Wajen layi na tsakiya na ji ina gaya wa Goggo cewa tun da ta bar tasha ba wanda ya iya gwate, duk ruwa ne tsululu. Ban lura da lokacin da tsoron ya tafi ba. Na tattara shukun a tsakiyar kai na tufke, Mama ta lakato man kaɗanya ta bi tsagar da shi da babban yatsanta, wanda shi kaɗai ke yi mata biyayya.

Muna gamawa 'yar Goggo ta shigo, kwalin nan a hannunta. Ta daɗe tana kallon uwarta. Ta ce, "Mamana ce sak." Ta fita da kwalin ba ta buɗe shi ba.

Mama ta dafa kafaɗar Goggo ta yi addu'a gajeriya, ta ce, "To, na sauke. Sai na zo."

A hanyar komawa ruwa ya ƙaru. Wayata tana ta ƙara, na san Yaya ne, ban ɗauka ba. Mama tana gefena, daro a cinya, ta jingina kai ta rufe ido. Na ɗauka barci take yi. Hannuwana suna ƙamshin man kaɗanya a kan sitiyari, jikina duk ya mutu, amma zuciyata wasai. Mun kusa shiga Rayfield sai ta yi gyaran murya.

Ta ce, "Tsagarki ta yi kyau. Amma kin ja da ƙarfi a ƙeya."

Na ce, "Haba Mama, ai kya bari in huta kafin a fara gyara."

Ba ta yi dariya ba. Ta zame kallabinta baya, ta shafa ɗan abin da ya rage mata a ka. Ta ce, "Nawa ba shi da yawa. Ki bi shi a hankali."

Na gangara gefen titi na kashe mota, don na daina ganin hanya. Ta bar ni na yi kukana. Da na share fuska sai ta miƙo mini tanƙwararren hannunta, a buɗe, tana jira.

Na tafa. Na ce, "Na ɗauka, Mama."